Cukun Tukunus: daga ina ya samo asali, kuma sunan na hannun wa?



Wanda duk zai bar Filinge ya nufi Yamai, ko Kwatano, ko Legas, ko Akara, akwai tsarabar da ba ya mantawa da ita, wato cuku. In ka sauka hannu rabbana, kafin a tambaye ka lahiyar tsoffi sai ka ji an ce: ina cukunmu? A Yamai kuwa, mai saida cuku in yana son mai saye ya daina ja-in-ja kan farashi, kalma guda ta ishe shi: na Tukunus ne. Kun ga ke nan sunan wani gari da ke kilomita kamar 20 arewa da Filinge ya zama abin da ke ƙara ma kaya daraja a babban birnin ƙasa. Suna in ya kai haka, ya zama dukiya. Shi ya sa a yau muke son mu bi sawun cukun nan, mu ga daga ina ya taho, sannan mu duba a hannun wa sunan yake a idon doka.

Madara ba ta jiran kowa

Asalin cuku larura ce ta makiyayi. Da damina, in ciyawa ta fito, shanu da awaki na ba da madarar da ta fi ƙarfin gida. Da rani kuwa ko ta jariri sai an yi da gaske. Madarar da aka tatsa da safe, in zafin ƙasarga ya buge ta, kafin azahar ta juya. Makiyayin da ke can cikin kwarin Azawak, tafiyar kwanaki daga kasuwa, ba shi da firij, ba shi da mota. Dole ya samo hanyar da madarar damina za ta kai shi rani, kuma ta shiga jaka ba tare da ta zube ba.

Abzinawa suka shahara da wannan dabara, a harshensu suna ce ma abin tikomart. Ga 'ya'yanmu da aka haifa a waje, waɗanda suka san ɗanɗanon amma ba su taɓa ganin ana yi ba, ga yadda aikin yake. Ba da nono mai tsami ake yin cuku ba, da madara ake yi, sabuwar tatsa, tun tana da ɗuminta. Ana tace ta, sannan a zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya, wanda bai fara cin ciyawa ba. A cikin tumbin nan akwai sinadarin da Allah ya sa don ya daskarar da nonon uwa a cikin ɗan dabba, kuma aikin nan ne yake yi a cikin ƙwarya. Ba a jima ba sai madara ta kama. Mai aikin ta ɗebo, ta shimfiɗa bisa 'yar tabarmar tsinke, ta danna da tafin hannu ruwan ya tsiyaye, ta gyara gefe da gefe har ya zama falle mai kusurwa huɗu. Daga nan sai shanya. In iska na da kyau, kwana ɗaya ko biyu ya bushe.

Layukan nan da kuke gani a jikin cuku, ba ado ba ne aka zana, sawun tabarmar ce. A arewa da tsinken ciyawar da Abzinawa ke kira afazo ake saƙa ta.

Kada a haɗa shi da awarar madara, wadda ake kira wagashi a Benin. Ita da ruwan tumfafiya ake daskarar da ita, bisa wuta, tana fitowa da laushi, kuma ba ta daɗewa sai an riƙa dafa ta ko an soya. Cuku kuwa in ya bushe sosai yana yin watanni. A ci shi da shayi, ko a daka shi cikin fura. Abincin matafiyi ne tun asali.

To me ya kawo sunan Tukunus cikin sana'ar da ake yi daga Tawa har Agadas? Amsar tana wajen shanu.

Saniyar Azawak

Nijar na da irin shanu da dama: Bororo masu dogon ƙaho, Jalli na bakin kogi, Gudali, Kuri na tafkin Cadi. Amma in ana zancen madara, Azawak ce a gaba, kuma masana kiwo na lissafa ta cikin shanun da suka fi ba da madara a duk Afirka ta Yamma. Ta samo sunanta daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, inda Abzinawa da Larabawa suka daɗe suna kiwon ta. A arewacin Najeriya wasu na ce musu shanun Adar.

Tun cikin shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suka fara aikin zaɓen irin Azawak a Filinge. A 1954 aka kafa gidan kiwo na Tukunus, fili mai faɗin fiye da hekta 4,000 cikin Dallol Bosso, aka kewaye shi, aka rarraba shi makiyaya-makiyaya. Aikin gidan shi ne a riƙa ware saniyar da ta fi madara da bijimin da ya fi kyau, a haɗa su, a rubuta abin da kowace ta bayar, ɗiya bayan uwa, shekara da shekaru. Har launi an zaɓa: jan nan mai duhu a fuska da ƙafafu da aka san shanun Tukunus da shi. A hannun makiyaya Azawak na zuwa da launi iri-iri. Saniya mai kyau a gidan tana ba da wajen lita 1,000 a goyo guda, a ƙasar da ruwan sama bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba a shekara. Bijiman Tukunus sun bazu cikin garkunan ƙasa, har Burkina Faso an kai irin.

Inda madara ta yi yawa a wuri guda kullum, kuma Yamai na nesa da kusan kilomita 200, dole a nemi abin yi da ita. Matan garin da na kewaye suka riƙe sana'ar cuku, suna sayen madara suna sarrafawa, matafiya na ɗauka suna kaiwa birni. Haka sunan ya kama.

A nan zan faɗi ra'ayina. Cukun Tukunus ba na ƙabila guda ba ne, kuma duk wanda ya so ya maida shi haka ya ɓata lissafi. Dabarar ta Abzinawa ce. Saniyar daga Azawak ta gangaro. Fulani na cikin masu kiwo da tatsa. Hannun matan Kurfai da kasuwannin Kurfai suka yi masa suna. Ƙasar nan dama mahaɗa ce, inda mai noman hatsi da mai kiwo ke shan ruwan rijiya guda, kuma cuku ɗan wannan haɗuwar ne.

Yadda manoman masara suka tsare nasu

Don mu gane abin da suna ke iya zama, bari mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu ɗauki misalin da wasu za su yi mamaki. Akwai wata barasa da ake yi da masara a can, ana ce mata Bourbon. Giya ce, haramun ce ga Musulmi, kuma ba tallarta ta kawo mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda larurar manomi ta zama suna, sunan kuma ya zama doka.

Wajen ƙarshen ƙarni na 18, Turawa 'yan ci-rani, da yawansu 'yan asalin Sikotilan, Ailan da Jamus, suka tsallaka duwatsu suka zamna a yankin da ake kira Kentaki. Masara, wadda 'yan asalin nahiyar suka noma dubban shekaru kafin zuwan Bature, ta karɓi ƙasar ƙwarai. Sai dai ba hanya. Buhun masara na da nauyi, yana ɓaci, kuma kuɗin kai shi kasuwa ya fi kuɗinsa. Sai suka riƙa dafa ta suna maida ta wiski, su ɗura a ganga, su ɗora a kwale-kwale su bi kogin Ohayo da na Misisipi har birnin New Orleans. Da yawan aikin gonakin da na gidajen dahuwar, bayi baƙar fata ne suka yi shi, abin da aka daɗe ba a faɗi ba. Kun ga kamar da ke tsakaninsu da mai cuku: kaya mai ɓaci, hanya mai nisa, sai a juya shi zuwa abin da ke jure ajiya da tafiya.

Sunan kansa na gidan sarautar Faransa ne. A 1785 aka raɗa ma wata gunduma ta yankin suna Bourbon, don godiya ga sarkin Faransa da ya taimaki Amurkawa a yaƙinsu na neman 'yanci daga Ingila. Masana tarihi sun rabu biyu: wasu sun ce daga gundumar nan barasar ta ɗauki suna, wasu sun ce daga wani titi mai wannan suna a New Orleans, inda ake saida ta.

Da sunan ya yi kasuwa, sai 'yan algus suka shigo. Cikin ƙarni na 19 wasu na ɗaukar barasa mai arha su rina ta da ƙonannen sukari ko ruwan taba, su saida da sunan ta Kentaki. Masu yin ta gaskiya suka ga sunan zai mutu a hannunsu, suka haɗa kai suka matsa ma gwamnati. A 1897 aka yi dokar da ta ce gwamnati za ta sa hatiminta a kwalba in kayan daga gidan dahuwa guda ya fito, na kaka guda, kuma ya yi aƙalla shekara 4 a rumbun da jami'anta ke tsaro. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta giya baki ɗaya, gidaje da yawa suka rufe, har wani ya kwashe kayan aikinsa ya koma garin Juarez na Meziko ya ci gaba da yi da wannan suna. Ranar 4 ga Mayu 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana Bourbon a matsayin kayan Amurka na musamman, wanda aka yi a wata ƙasa ba shi da izinin shigowa da sunan.

Sharuɗɗan a rubuce suke, kowa na iya karantawa. Masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa. A ajiye shi cikin sabuwar ganga ta icce wadda aka babbake cikinta. Kada a ƙara launi ko ɗanɗano, ruwa kaɗai. Kuma a yi shi cikin Amurka.

Ku lura da sharaɗi na ƙarshe, don shi ya fi kama da halin da muke ciki. Dokar ƙasa ba ta ce sai a Kentaki ba, kowace jiha na iya yi. Duk da haka kusan kashi 95 cikin 100 daga Kentaki yake fitowa, kuma ba mai iya rubuta sunan Kentaki a kwalbarsa sai in can aka yi shi. Ke nan katanga biyu gare su: ta ƙasa, da ta yanki. Abin dariya, ita gundumar Bourbon ɗin ta yi shekaru da dama bayan 1920 babu gidan dahuwa ko guda a cikinta. Sunan ya yi gaba, ya bar garin a baya. Wannan ma abin tsoro ne ga duk garin da ya yi suna da wani kaya.

Abin da ya faru da albasar Galmi

Mu dawo gida, don ba sai mun tahi Amurka ba kafin mu ga ana son raba mutane da sunansu. Albasar Galmi, cikin jihar Tawa, ta yi suna daga Abijan har Akara. Cikin shekarun 2000 wani kamfanin saida iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar irin da sunan Violet de Galmi, ya zama mallakarsa. Da an ba shi, da manomin Galmi ya wayi gari baƙo a kan sunan garinsu. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya sauya ma nasa suna.

Inda ake wannan rajista ita ce OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta ƙasashen Afirka 17, har da Nijar, mai cibiya a Yawunde ta Kamaru. Takardarta guda na aiki a duk ƙasashen. A 2013 ta fara ba da shaidar asalin wuri ga kayan Afirka: masoron Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da kofin Ziama-Macenta a Gini. A 2023 Nijar ta karɓi takardun kaya huɗu. Albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu shaidar asalin wuri. Fatar jar akuyar Maraɗi da cukun Nijar suka samu tambarin gamayya.

Biyun nan ba ɗaya ba ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Tambarin gamayya alama ce da ƙungiya ke riƙe da ita, duk mamban da ya bi ƙa'idodinta yana iya manna ta a kayansa. Shaidar asalin wuri kuwa tana ɗaure kaya da wata ƙasa mai iyaka, tana cewa kyawun abin nan ko sunansa daga wurin nan ya fito, daga ƙasarsa da ruwansa da hannun mutanensa, don haka wanda ke wajen iyakar ba shi da ikon ɗaukar sunan. Faransawa sun yi haka da cukunsu na Roquefort tun 1925: sai madarar tumaki, kuma sai an nunar da shi cikin kogunan dutsen garin.

Tambarin cukun Nijar ci gaba ne, ba mu raina shi ba. Yana iya taimakon mai kai cuku Kwatano ko Wagadugu. Amma sunan da ke jiki na ƙasa ne baki ɗaya, ya rufe na Tawa da na Abalak da na Maraɗi da namu. Ita ce katanga ta fari. Ba ta bambanta cukun Tukunus da na kowa ba. Mace a Tukunus da ta tashi tun asuba ta sayi madarar Azawak da tsada, da wanda ya kwaɓa nasa a wata unguwa ta Yamai ya ce na Tukunus ne, mai saye ba shi da abin da zai raba su da shi sai harshensa, kuma sai bayan ya biya.

Ga kuma madarar gari ta gwangwani da ta buhu da ake shigowa da ita daga waje, wadda ta cika kasuwannin birane, wata ma an cire mata man shanu an sa man itace a madadinsa. Ta fi sauƙin samu da rani, ba ta ɓaci. Ranar da cukun da aka yi da irinta ya yawaita da sunan Tukunus, mai saye a Yamai ba zai zargi wanda ya yi algus ba, tunda bai san shi ba. Cewa zai yi cukun Tukunus ya lalace. Jikar da ake ƙarawa saboda sunan, wadda ke biyan kuɗɗin lakwal da na magani a gidaje da yawa, ita ce za ta fara tafiya.

Tambayoyin da sai mu za mu amsa

Neman shaidar asalin wuri ba aikin mutum guda ba ne. Sai masu sana'ar sun kafa ƙungiya, sun zamna sun rubuta kundin sharuɗɗa, wato takardar da ke faɗin mene ne wannan kaya, yaya ake yin shi, a ina, kuma wa zai riƙa dubawa. Daga nan kwamitin ƙasa ya bincika, sannan a miƙa ma OAPI. Rubutun ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne yarda da juna kan abin da za a rubuta.

Ɗauki maganar madara. Za a ce sai ta saniyar Azawak kaɗai? In an ce haka, an ba sunan ƙarfi, don an ɗaure shi da abin da Tukunus ta fi kowa. Amma an fitar da matar da awaki ne dukiyarta, alhali tun kaka da kakanni ana yin cuku da madarar akuya, wasu ma sun fi son shi. Amurkawa sun warware irin wannan da lissafi, suka ce masara ta fi rabi, saura a cika da wani hatsi. A ganina wannan hanya ta fi dacewa da mu bisa ga a ce kashi 100. Abu guda ne bai kamata a sassauta ba: madarar gari kada ta shiga ko cokali guda.

Sai tsabta. Cuku da ɗanyar madara ake yin shi, ba a tafasa ta, kuma a fili ake shanya shi inda ƙuda da ƙura ke yawo. Cututtuka irin su bakkale da tarin fuka na shanu na iya bin ɗanyar madara su kama mutum. Kundin da bai yi zancen lafiyar garke da wurin shanya mai rufin raga ba, ba zai buɗe ƙofar manyan kantuna ba, balle ta ƙasashen waje inda 'yan uwanmu suke.

Akwai kuma abin da takarda ba ta iyawa. Kowa ya san halin da arewacin Tillaberi ke ciki a shekarun nan. An kore garkuna, makiyaya da yawa sun bar wuraren da suka saba, kuma hana hawan babura da aka yi a yankin a farkon 2020 ya taɓa masu kawo madara daga ruga, tunda madara ba ta jure doguwar tafiyar amalanke cikin rana. In shanu suka bar ƙasa, cuku zai bi su, kamar yadda wiski ya bar gundumar da ta ba shi suna.

Mafi zafi duka ita ce iyaka. A ina ƙasar cukun Tukunus ta tsaya? Garin kaɗai? Gundumar Filinge? Ko a bi Dallol Bosso daga Abala a gangaro har Bonkuku, tunda ciyawar kwarin guda ce kuma shanun na hawa da sauka cikinsa bisa ga lokaci? Saniyar da ta yi damina a arewa ta dawo kaka, madararta ta ina ce? In aka ƙuntata iyakar, madarar ba za ta isa a cika kasuwa ba, kuma maƙwabta za su ji an ware su. In aka faɗaɗa ta da yawa, sunan ya zama na kowa. Masu albasa sun sha wannan muhawara, don ba a garin Galmi kaɗai ake noman albasar Galmi ba. Tamu kuwa ba za ta yanku a ofis a Yamai ba. Sai matan da ke danna cukun, da makiyayan da ke tatsa, da ma'aikatan gidan kiwo, da sarakunan Kurfai sun zamna tabarma guda.